Gyaran Ƙotar Tsohon Takobi: Abin da Ake Taɓawa da Abin da Ake Bari

A yawancin takubban gado, ba ruwan takobin ne ke fara lalacewa ba. Shi ƙarfe ne zalla, yana kwance cikin kube, ko ya yi tsatsa sau da yawa ta sama-sama ce. Ƙotar ce ke mutuwa. A ɗan wurin nan da bai fi faɗin tafin hannu ba an haɗa baƙin ƙarfe da tagulla da fata, wani lokaci har da itace da zare, kuma kowannensu da yadda yake ji da zafi da laima. Fata ta tsuke da hunturu, ta saki da damina. Ƙarfe ya yi tsatsa ya kumbura. Tagulla ta sha maiƙon fata ta yi kore. Ga gumin hannu mai gishiri na shekara ɗari ko fiye, duk a nan ya sauka.

Abin da aka saba shi ne a kai wa maƙeri ko baduku, a ɓare tsohuwar fata a yar, a goge tagulla har ta riƙa ɗaukar ido, a naɗa sabuwar jar fata. Takobi ya dawo gida kamar na kasuwar Kurmi. Kafin ka yarda a yi wa naka haka, ka san abin da za a yar ɗin. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a shekara, kusan duka daga Solingen ta ƙasar Jamus, kuma a Kano ake sa musu ƙota kafin su bazu zuwa hannun Abzinawa da Fulani da Nufawa da Barebari. Ke nan a takubba da yawa ruwan baƙo ne, ƙota da kube su ne aikin gida. Daga gare su ake gane ko takobi na Agadas ne, ko na Bida, ko na ƙasar Borno, da kuma kusan zamanin da aka haɗa shi. Wanda ya sake ƙota ya jefar da shaidar, ya riƙe ƙarfen Jamus.

Shi ya sa gyaran da ake magana a nan ba sabuntawa ba ne. Tsayar da ɓarna ne, da ƙarfafa abin da ya saura, da kiyaye ƙa'ida guda: duk abin da ka ƙara wa takobin, ya zama wanda za a iya cirewa nan gaba ba tare da an yi masa rauni ba.

Yadda aka haɗa ƙotar

Ruwan takobi ba ya ƙarewa a inda ido ke gani. Yana da siririyar wutsiya da ta ratsa giciyen da ke kare hannu, ta ratsa mariƙin, ta fito ta saman hular ƙota, inda aka daddake bakinta ya baje ya riƙe komai. Wannan ɗan bajajjen kan shi kaɗai ne makullin. Giciyen takobinmu mai faɗi ne, na fallen ƙarfe, an lulluɓe shi da fata ko da tagulla mai zane. Mariƙin kan zama bututun fallen ƙarfe ko itace, da fata ko tagulla a kai. Hular tsofaffin takubba mai kauri ce, sau da yawa ɓari biyu aka haɗa, cikinta holoƙo. Ta baya-bayan nan kuma faifai ce mai faɗi, an jera mata ƙananan fallayen tagulla da jan ƙarfe a bisa, wani kan wani. Wasu kuma za ka ga an maƙale gindin ruwan tsakanin fallaye biyu na ƙarfe an buga ƙusoshi, sau da yawa don ruwan ya taɓa karyewa a nan ko an sake masa mazauni.

Takobin Sudan da Cadi daban yake. Giciyensa sandar ƙarfe ce mai harsuna biyu da suka kwanta a kan ruwa da kan mariƙi, mariƙin itace ne, kuma yawanci fegi ne ya ratsa itacen da wutsiyar ya riƙe su. Idan irinsa ne a hannunka, kada ka nemi bajajjen kai a saman hula, fegin yana ƙarƙashin fata.

Ka duba kafin ka taɓa

Shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ka ɗora takobin, ka ɗauki hoton ƙotar ta fuska huɗu da ta sama, da ma'auni a gefe. Duk abin da ya faɗo a ƙyallen, ɓarɓashin fata ne ko guntun waya, ka zuba a ambulan ka rubuta inda ya fito. Sa safar hannu ta roba irin ta asibiti. Ta auduga tana kama gefen fatar da ta ɗago ta fizge shi.

Tsatsa iri biyu ce. Wadda ta yi duhu, santsi, ba ta bin yatsa, ta kwanta, ba ta cin komai, a bar ta. Wadda ta yi ja-ja kamar garin bulo, tana zuba, ko tana fitar da ɗigon ruwa-ruwa da damina, wannan mai rai ce. Idan fatar mariƙi ta tsage a tsaye, bakin tsagar ya yi baƙi, ko itace ya rabe biyu ba tare da an buge shi ba, to tsatsa ce ke turowa daga ciki, domin ƙarfen da ya zama tsatsa yana cin wuri ninkin-ba-ninkin na asalinsa. Baƙin kuwa haɗuwar ƙarfe ne da sinadarin jima, abin da ke faruwa ke nan a kuloko, baƙin rinin dukawa. Wannan ne ma ya sa fatar da aka rina baƙi da kuloko takan riga ja farfashewa: ƙarfen rinin yana cin ta a hankali.

Koren tagulla ma iri biyu ne. Mai laushi kamar kaki, wanda ke taruwa inda tagulla ta haɗu da fata, maiƙo ne ya haɗu da jan ƙarfe, kuma yana da sauƙin sha'ani. Mai fari-fari, busasshe kamar gari, da ke fitowa daga ƙananan ramuka, gishiri ne ya shiga jikin ƙarfen, yana ci muddin akwai laima. Wannan sai an kai wa masu adana kayan tarihi, kafin nan a ajiye shi a busasshen wuri.

Sai fata. Goga farar auduga a hankali a wani lungu. In ta ɗebo jan gari kuma fatar na warin tsami, ta ruɓe da ruɓar da ake samu daga hayaƙi da zafi, zarurrukanta sun tsinke. Irin wannan fata ruwa gubarta ne. Sabuwar fatar jima sai zafi ya kai wajen digiri 75 zuwa 85 a ma'aunin Salshiyas kafin ta ƙanƙance cikin ruwa, amma ruɓaɓɓiya tana iya yin baƙi ta ƙandare da ruwan randa, kuma ba ta dawowa. A ƙarshe ka nemi ƙananan huji a itace ko fata. In akwai, bar takobin a kan farar takarda mako biyu. Sabon gari mai haske a ƙarƙashinsa na nufin ƙwaron yana ciki har yanzu.

Abubuwan da suka fi kashe ƙota

Mai shi ne na farko, kuma da kyakkyawar niyya ake shafa shi. Man shanu, man gyaɗa, man ja, man kaɗe, basilin, kiwi na takalmi: duk suna sa fata ta yi sheƙi na mako guda. Bayan nan na girki ya yi ɗoyi ya koma tsami, ya ratsa zuwa tagulla ya haifar da koren nan, ya jawo ƙura da ƙwari. Tsohuwar fata ba don rashin mai ta bushe ba, zarurrukanta ne suka lalace, mai kuwa ba ya ɗinke zare. Baƙin mai da giris da kananzir sun fi muni, don in sun shiga itace babu gam ɗin da zai sake kama shi.

Na biyu gam mai ƙarfi. Sufagulu yana shiga fata ya mai da ita kamar kwalba, ta karye a gefen inda ya tsaya. Araldite ya fi itace da fatar ƙarfi, don haka ranar da abu ya motsa, su ne za su yage, shi yana nan. Salatif da baƙin tef na masu wayarin suna barin danƙon da ke narkewa cikin fata, in aka zo ɓarewa su tafi da fuskarta.

Na uku gogewa. Lemun tsami da toka, tsamiya, samfefa, Brasso. Brasso na ɗauke da amoniya, wadda ke iya tsattsaga siririyar tagullar da aka buga da guduma, ga farin saura da yake bari cikin zane da ƙarƙashin fata. Duhun da tsohuwar tagulla ta yi kariya ne gare ta, kuma duk gogewa tana tafiya da wani abu na zanen.

Na huɗu guduma da wuta. Giciye na girgiza, sai a ce bari a ƙara dakan kan wutsiyar. Wutsiyar da tsatsa ta cinye rabinta tana iya tsinkewa a ciki, hula mai holoƙo kuma ta lotsa. Walda kuwa ta ƙone fata da itace, ta narkar da tsohon haɗin tagulla, ta kashe taurin ƙarfe a gindin ruwa. Garin gyaran gira a rasa ido. Kada a kwance ƙotar tsohon takobi sai in wutsiyar ta riga ta karye, wannan kuma aikin gwani ne, ba na gida ba.

Tsabtacewa

A bushe ake farawa, kuma sau da yawa a bushe ake gamawa. Burushi mai laushi irin na masu zane, ana sharewa daga hula zuwa giciye, ana bin yadda fatar ta kwanta, ba a tayar da ita. Dattin da ya daskare cikin zanen tagulla a tono shi da tsinken sakace da aka fiƙe, ba da allura ba. Koren kaki ma da tsinken ake kwashe shi, sannan a naɗa auduga a kan wani tsinken, a ɗan tsoma a farin sifirit na masu fenti, a matse, a mirgina a wurin. Mirginawa, ba gogawa ba, kuma da audugar ta yi datti a sake wata. Tina da fetur ba sa maye gurbinsa, suna cire rini.

In akwai funfuna, a fara shanya takobin a inuwa mai iska har ta bushe, a share ta a waje da takunkumi a hanci, sannan a bi tagulla da ƙarfe da auduga mai ɗan sifirit irin na asibiti. A kan fata sai an gwada a ɓoyayyen wuri, domin jan karan dafi yana bin sifirit.

Tsatsa mai rai a ƙarfen da ke fili, kamar gefen giciye ko gindin ruwa, ana kankare ta da guntun ƙaho ko ƙashi ko gora, abin da ya fi tsatsa tauri amma bai kai ƙarfe ba. Kafin nan a naɗe fatar da ke kusa da siririyar leda. In ta ƙi, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kan audugar ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, a shafa a hankali. Ba fari ake nema ba, a tsaya da zarar jan ya tafi ya bar duhu. A share man tas da farin sifirit, a bari ya bushe, a shafa kaki. Wanda gidajen tarihi suka fi amfani da shi shi ne Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950. Ba shi da tsami, kuma farin sifirit na cire shi. Shafa ɗaya siririya, a bari minti 10, a goge da tsumma mai laushi. Ƙarfe da tagulla kaɗai, ban da fata.

Tsatsar da ke cikin mariƙi kuwa hannu ba ya kai mata. Kada ka ɗura mai ta bakin giciye da fatan zai gangara. Itace da fata ne za su shanye shi. Maganinta hana ta laima.

Fatar da ke zuba da wadda ta ɗago

Fatar da ta zama gari ba a manna ta sai an fara ɗaure zarurrukanta. Abin da masu gyaran tsofaffin littattafai ke amfani da shi, Klucel G, shi ya dace a nan. Farin gari ne. Giram 2 a cikin mililita 100 na isofurofanol mai ƙarfin kashi 99, irin wanda masu gyaran waya ke wanke allon waya da shi. A barbaɗa garin a hankali cikin kwalba, a girgiza, a rufe a bar shi ya kwana, zai zama kamar kunu mai haske. A shafa da burushi sau ɗaya, a bari awa guda, in fatar na zuba har yanzu a ƙara. Ba ya mayar da ƙarfin fata, kada a yi tsammanin haka. Hana ta zuba kawai yake yi, ya ba gam wurin kamawa. In an wuce kashi 2 cikin 100 yakan tsaya a sama ya bar sheƙi. Sai an yi odarsa ta intanet, amma giram 50 zai ishi takubban gida guda har a ba maƙwabta.

Gefen da ya ɗago ya nannaɗe kada a danne shi da yatsa, zai karye a gindin lanƙwasar. In gwajin ɗigon ruwa a ɓoyayyen wuri bai sa fatar ta yi baƙi ba, a ɗora busasshiyar takarda a kai, a ɗora wata mai ɗan danshi a bisanta, a rufe da leda minti 10 zuwa 15. Raɓar ce za ta sassauta ta, ba ruwan ba. In ta yi baƙi a gwaji, a bar maganar danshi gaba ɗaya, a cika ƙarƙashin lanƙwasar da 'yar takarda mai laushi don ta sami abin jingina, a manna ta a yadda take.

Kafin a mayar da fata kan ƙarfe, a raba su. A share tsatsar da ke ƙarƙashi gwargwadon inda tsinke ya kai, a shafa wa ƙarfen Paraloid B-72. Ƙwayoyi ne masu haske da ake narkarwa a asiton: a ƙulle giram 10 a ɗan ƙyalle, a rataya cikin kwalba mai mililita 100 na asiton, a rufe ya kwana. Asiton na gaske, ba na cire jan farce ba, wanda ke da mai da turare. Shafa biyu, awa guda tsakani, a kiyaye kada ya taɓa fuskar fata. Wani abu da ya shafi ƙasarmu: B-72 yana fara laushi a digiri 40, zafin da ɗaki mai rufin kwano a Sakkwato ko Agadas ke wucewa a watan Afrilu. Don shafe ƙarfe ba damuwa, amma inda zai riƙe nauyi, ɗan'uwansa B-48N, mai jurewa har digiri 50, ya fi.

Gam ɗin fata mai lafiya shi ne talgen sitacin alkama. Ana iya fitar da sitacin a gida: a kwaɓa fulawa da tauri, a wanke ta cikin ruwa, a tace, a bar farin ya kwanta, a tsiyaye. Awo 1 na sitaci, awo 4 na ruwa, a dafa a wuta kaɗan ana juyawa minti 20 zuwa 25 har ya yi haske. In ya huce a murza shi ta rariya. A yi amfani da shi da kauri, don ruwansa ya yi kaɗan, kuma bayan kwana 2 ko 3 a zubar a dafa sabo. Ga fatar da ba ta son ruwa, Klucel G mai kauri, kashi 5 cikin 100, yana riƙe ƙananan ɓarɓashi. Manyan gefuna kuma sai gam ɗin da ake kira Lascaux 498 HV. Da bakin tsinke ake tura gam ƙarƙashin fata, kaɗan, a kwantar, a share wanda ya fito nan take. A ɗora takarda mai santsi, a naɗe da bandejin auduga daidai yadda zai riƙe ba tare da ya bar sawu ba, a bari awa 24. Roba da zaren nailan suna yanka.

Giciye mai girgiza da itacen da ya tsage

Giciye na girgiza ne don abin da ke matse shi ya tsuke ko ya zube. Abin da ya ɓace ake mayarwa. Zaren auduga mai kauri da aka ja cikin kaki, a naɗa shi a ratar da ke tsakanin giciye da mariƙi, ana turawa da tsinke, zagaye bayan zagaye har motsin ya tsaya. In ratar a bakin ruwa take, 'yan siraran fegi na itace mai laushi, ɗaya ta kowace fuska don kada giciyen ya karkace, a tura da yatsa. Fegin da sai an buga shi ya yi kauri. Fallayen hula masu juyawa a bar su su juya, ba sa cutar da komai.

Itacen da ya tsage a hura ƙurar ciki, a gwada matse shi da hannu. In ya haɗu, gam ɗin kafintocin da, na dafaffiyar fata, wanda ake jiƙawa a narkar cikin ruwan zafi da bai wuce digiri 60 ba, a ɗura da sirinji, a naɗe da bandeji. In bai haɗu ba, tsatsa ce ta cika wurin, kuma matsawa da ƙarfi sabuwar tsaga za ta buɗe a ɗaya gefen. Sai a cike tsagar da siririn itace mai laushi da aka fere daidai ita, a bar shi ya ɗan nutse ƙasa da fuskar asali. Itacen da ƙwari suka mai da shi kamar soso ana shayar da shi B-72 mai ruwa, kashi 5 cikin 100, da sirinji ta cikin hujin, kaɗan-kaɗan cikin kwanaki.

Ƙwari masu rai kada a fesa musu maganin sauro ko fiya-fiya, mai ne da sinadarin da ke cin tagulla. Gidajen tarihi na kashe su da sanyi, digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda, abu na naɗe cikin takarda da leda mai kulle, kuma ba a buɗe ledar sai ya kwana a waje ya dawo zafin ɗaki. Sai dai wannan na bukatar firizar da ba za a ɗauke mata wuta ba ko na awa kaɗan, ga shi ƙarfe da itace ba sa tsukewa tare. Ƙotar da ta riga ta tsattsage gara a keɓe ta cikin leda a nemi shawarar ma'aikatan adana kaya na gidan tarihi, irin su Gidan Makama a Kano, ko na Jos, ko na Boubou Hama a Yamai.

Inda fata ta ɓace

Ba kowane giɓi ake cikewa ba. In gefunansa sun manne lafiya kuma ƙarfen ƙasa ya sha kaki, a bar shi. Ana cikewa ne inda giɓin ke sa sauran fatar kamuwa da hannu, ko inda babu abin da ya saura sam.

A nan muna da sa'ar da masu gyara a Turai ke biya da tsada. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da aka jeme da bagaruwa tana cikin fatun da suka fi daɗewa, shi ya sa masu ɗaurin littattafai a Ingila suka daɗe suna nemanta. A je majema a zaɓi marar rini, marar mai da yawa. A guji fatar kamfani da aka jeme da kurom, gishirinta na cin ƙarfe. Gane ta ba wuya: a yanka, cikinta shuɗi-shuɗi ne mai toka, in an ƙona guntu tokar ta yi kore.

A fitar da siffar giɓin a takarda, a yanka fatar ta fi shi da milimita 2 ko 3 ta kowane gefe. A fere bayanta ta dawo kaurin rabin milimita zuwa ɗaya, gefunan kuma a fere su har su kusa zama kamar takarda. Wannan aikin baduku ne, kuma wuƙarsa ta fi taka. Abin da za ka tsare shi ne kada ya taɓa tsohuwar. A rina kafin a manna, ba bayan an manna ba, a bar launin ya ɗan fi na asali haske, don sabuwar fata na yin duhu da kanta. Sabuwa tana shiga ƙarƙashin tsohuwa, ba ta hawa kanta. In mariƙin gaba ɗaya tsirara yake, a shafe ƙarfen da B-72, a naɗa takarda marar tsami falle ɗaya, sannan fata mai ɗan danshi da talge, haɗin ya faɗa inda sawun tsohon ɗinki ya nuna. Kada a ƙirƙiro ado ko tambarin da babu shaidarsa a jikin takobin. Daga nesa gyara ya ɓace, daga kusa mai duba ya gane shi.

Wayar tagulla ko ta azurfa da ta warware a mayar da ita kan tsohon sawunta da yatsa, sau ɗaya, domin tsohuwar waya na karyewa in aka lanƙwasa ta aka miƙe. A riƙe bakinta da ɗigon B-48N mai kauri, kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Fallen tagulla da ya buɗe baki a kwantar da shi da guntun itace mai santsi, ba da awartaki ba. Laya ko zare ko tsumman da aka tarar ɗaure a ƙota na takobin ne, ko da ya yi datti.

Ajiya, da maganar hawa

Ƙotar da aka gyara ta wannan hanya ba ta jinjina ba ce. Talge da zare ba za su jure gumi da girgizar doki ba, ba a kuma yi su don haka ba. Wanda ke son takobin hawan salla ya sa maƙera su yi masa sabo, suna nan suna yi, tsohon ya huta.

A kwantar da shi, kada a rataye shi da hamila, don nauyin na jan zobban kube har su yage. A zare shi daga kube a ajiye su gefe da gefe, saboda fata na riƙe laima a jikin ƙarfe. Ƙotar ta sami matashi na farin ƙyalle da aka wanke, yadda hula da giciye ba za su ɗauki nauyi ba. Nesa da bangon da ruwa ke duka, nesa da madafa da hayaƙin janareta, wanda ke cikin abubuwan da ke ruɓar da fata. Laimar da ta dace da ƙarfe da fata tare ita ce kashi 40 zuwa 55 cikin 100. A Kano da hunturu takan sauka ƙasa da 20, a Agusta ta haura 70, inda funfuna da tsatsa ke tashi. Ba lambar ce ta fi ɓarna ba, saurin hawa da saukar ne. Akwati mai rufi sosai, da ƙyallayen auduga a ciki, yana rage wannan. Da damina a sa ƙunshin ƙwayoyin silika masu shan laima, da ɗan agogon auna laima a gefe, a cire su in hunturu ya kama, in ba haka ba fatar ta ƙara bushewa. Kafur da turare kada su shiga akwatin. A buɗe a duba sau biyu a shekara, farkon damina da farkon sanyi.

A cikin akwatin a ajiye takarda mai ɗauke da ranar gyara, da inda aka taɓa, da sunan kowane gam da kaki da aka sa, tare da ambulan ɗin ɓarɓashi da hotunan farko. In kuma takobin zai ƙetare iyaka don gyara ko sayarwa, a Najeriya dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sa aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, kuma ba a fitar da shi sai da izinin hukumar.